Ƙanwa ta ɗauki yaya: lacca kan wani fim ɗin Faransa da surutun da ya biyo bayansa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke kusa da fankar can ya ɗan rage ta, tana cinye murya.

Jiya da daddare muka kalli fim ɗin nan tare, kuma kun ga yadda aka yi, ba a watse ba sai da mai gadi ya fara kaɗa mana makullai. Shi ya sa na ce yau a zauna a yi maganar a tsanake. Abubuwa huɗu na rubuto: waɗanda suka yi fim ɗin, abin da masu kallo suka yaba, abin da suka ƙi, sai kuma abin da ni na gani.

Na farko, a gurguje. Sunansa da Faransanci Il y a longtemps que je t'aime, wato na daɗe ina ƙaunarki. Baiti ne daga wata tsohuwar waƙar Faransawa, ita ce kuka ji ana kaɗawa a fiyano. Fim ɗin ya fito a 2008. Wanda ya shirya shi, Philippe Claudel, asalinsa marubucin littattafai ne, wannan ne fim ɗinsa na farko, kuma ya shafe fiye da shekara 10 yana koyar da fursunoni. Kristin Scott Thomas, 'yar Ingila da ta daɗe a Faransa, ita ce yaya, Juliette. Elsa Zylberstein ita ce ƙanwa, Léa. Ya ci kyautar BAFTA ta Birtaniya ta fim ɗin da ba na Turanci ba, a Faransa kuma ya ci kyautar César biyu, ɗaya ta fim ɗin farko, ɗaya ta Zylberstein.

Waɗanda ba su zo jiya ba, ga labarin. Juliette likita ce, ta yi shekara 15 a gidan yari saboda ta kashe ɗanta mai shekara 6. Da aka sake ta, ƙanwarta ta ɗauko ta ta kawo ta gidanta a birnin Nancy, inda take da miji, da 'ya'ya mata biyu da suka ɗauko riƙo daga Biyetnam, da surukinta tsoho. Sai can a ƙarshe muke jin dalilin kisan. Yau dole in faɗa, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri.

Na biyu, yabo. A nan kusan bakin masu kallo ɗaya ne, daga Turai har zauren nan: fuskar Juliette. Fim ɗin ya buɗe tana zaune a filin jirgin sama tana zuƙar taba, ba kwalliya, ba magana. Wata baiwar Allah ta ce mini jiya, "Malam, matar nan ko gaisuwa ba ta iya ba, amma na kasa ɗauke ido daga kanta." Haka ne. Kuma ku tuna wurin cin abincin nan a ƙauye, da wani ya yi tatil ya matsa mata sai ta faɗi inda ta ɓuya duk shekarun nan. Ta ce tana kurkuku, ta yi kisa. Kowa ya fashe da dariya, an ɗauka raha ce. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba a cikin baƙin, Michel, wanda ya taɓa koyarwa a gidan yari. Kun ga inda shekarun Claudel suka yi amfani.

To amma ni, jama'a, ba yayar ce ta tsaya mini a rai ba. Ƙanwar ce. Ku bar ni in daɗe a nan.

Léa tana yarinya aka kama yayarta. Iyayensu suka shafe sunan Juliette daga gidan, suka sa yarinya ta riƙa cewa ita kaɗai aka haifa. Ba ta je ziyara ba, ba wasiƙa. To me ya sa bayan shekara 15 ta tashi ta buɗe mata ƙofa? Ba ta san dalilin kisan ba fa. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe: ba ta sani ba. Ba wanda ya ce mata yayarki na da uzuri. Ta shigo da matar da ta kashe yaro cikin gidan da ke da yara biyu ƙanana, mijinta yana tsoro, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Wa zai ga laifinsa? Da farko ya ƙi yarda a bar mata yaran ko na dare ɗaya. Daga baya shi da bakinsa ya nemi ta zauna da su. Tsakanin wancan ƙin da wannan roƙon, Léa ce ta yi ta ɗinki, allura bayan allura.

Ku ƙirga mutanen da ke wuyan matar nan. Yara biyu. Surukinta da ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa magana, yana zaune a ɗaki da littattafansa. Uwarta a gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya cinye ta. Ga aikin koyarwa a jami'a. Sannan ga yaya. Kuma ba wurin da fim ɗin ya tsaya ya ce ku tafa wa Léa. Tana dafa abinci, tana tuƙi, tana murmushin da ya fi ƙarfinta, sai rana ɗaya ta fashe wa ɗalibanta a aji kan wani littafi da ke maganar mai kisa. Ɗaliban suka yi tsuru-tsuru, ba su san daga ina abin ya taso ba. Mu da muka ga gidanta mun sani.

Na san wannan fashewar. Gwaggona ta yi shekaru a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ƙanwarta ce ta yi jinyarta. Ita ke juya ta cikin dare kada bayanta ya yi gyambo, ita ke ba ta kunu da cokali, tana goge abin da ya zubo da gefen zaninta. Masu dubiya su zo da lemo, su ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, su tafi. Duk sannun ta mara lafiya ce. Ban taɓa jin an dubi mai jinyar an ce ke fa, kin yi barci? Wata rana wani yaro ya fasa kofi, kofin da bai kai komai ba, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ya tara mana maƙwabta. Hajiya tana gyaɗa kai, kin san abin da nake faɗa.

Sai wurin uwar. Wannan wurin, hmm. Sun je gidan tsofaffin, uwa ba ta gane Léa ba, Léa da ke zuwa duba ta. Da Léa ta ɗan fita, sai tsohuwa ta dubi Juliette, 'yar da ta yi watsi da ita, ta gane ta, ta koma yi mata Turanci, harshen da ta rene ta da shi, ta rungume ta kamar yarinyar da ta dawo daga makaranta. Ɗan lokaci kaɗan, hasken ya sake ɗaukewa. Ku duba rabon nan. Mai wahala ba a san ta ba, wadda ba ta nan ita aka tuna. Masu jinya da yawa sun sha wannan, kuma ba wanda za ka kai ƙara, ciwo ne.

Da littattafan nan da Léa ta nuna wa Juliette, inda kullum take rubuta sunan yayarta da adadin kwanakin da ta yi ba ta nan. An hana ta furtawa, sai ta rubuta. Mu kan ce zumunci a ƙafa yake. Wannan yarinya an ɗaure mata ƙafa, da ta girma ta kwance.

Ina muke? Na uku ko? Agogo ya ci mu, bari in haɗa sauran.

Ƙorafin shi ne ƙarshen fim ɗin. Léa ta tsinci takardar gwajin asibiti, ta kai wa wani likita abokinsu, aka gano yaron yana da ciwon da ba ya warkewa, yana cikin azaba, uwar ta yi masa allura. Masu sharhi da masu kallo da dama sun ce wannan ya ɓata komai. Hujjarsu biyu. Ɗaya, hankali bai ɗauka ba: yaya za a yi shari'ar kisa ba a binciki gawa an ga ciwon ba, ko da ita ta ƙi buɗe baki a kotu? Biyu, sun ce an yi mana sauƙi, an wanke ta don mu samu damar son ta ba tare da nauyi ba. Matashin nan mai jar hula haka ya ce jiya, da zafi kuwa. Hujjar farko na karɓa. Ta biyu kuwa ban karɓa duka ba, domin ƙanwar ta riga ta gama nata aikin kafin takardar ta bayyana.

Kuma ku san lokacin da fim ɗin ya fito. A 2003 an yi batun Vincent Humbert, matashin da hatsarin mota ya nakasa, mahaifiyarsa ta taimaka aka kawo ƙarshen rayuwarsa, daga baya aka janye tuhuma a kanta. A 2005 aka yi dokar Leonetti kan majinyatan da ke gab da mutuwa. A watan Maris na 2008, watan da fim ɗin ya shiga silima a Faransa, ƙasar tana ta muhawara kan Chantal Sébire, wata majinyaciya da kotu ta ƙi ba ta izinin a taimaka mata ta mutu. Bafaranshe ya shiga kallo da wannan duka a kansa.

Na'am, Malama? Ɗaga murya kaɗan.

Tana tambaya ne, ga waɗanda ba su ji ba: tunda addininmu ya haramta ɗaukar rai ko don tausayi, idan ita ce Léa, ya halatta ta riƙe irin wannan yaya?

Malama, hukuncin kisan a bayyane yake, rai na Allah ne, kuma fim ba ya sauya wannan. Fatawa kuma ga malamai nan, su za a tambaya. Amma ki lura, ita kanta Juliette ba ta wanke kanta ba. Ta ƙi kare kanta a kotu, ta nemi kurkukun da kanta, ta kuma gaya wa ƙanwarta cewa mutuwar ɗa kurkuku ce da ba a fita daga cikinta. Abin da Léa ta yi mata tsawa a kai shi ne, me ya sa ba ki gaya mana ba, mu ba kowa ba ne? Ita kuma ta ce da kun sani me za ku iya yi? A nan ne na ga kuskuren Juliette tun kafin allurar: ta ɗauki jinyar ita kaɗai, ta rufe ƙofa. Riƙon da Léa ta yi mata ba amincewa da kisa ba ne. Ɗaki ta ba ta, da abinci, da yaran da za su kira ta inna. Wace za ta ba ta in ba ita ba? Uba ya rasu, uwa ba ta san inda take ba.

Kin tuna kalmar ƙarshe? Ana ruwa, suna zaune su biyu, Michel ya shigo daga ƙasa yana kira ko akwai kowa. Juliette ta amsa, ina nan. Sai ta sake faɗa a hankali, wannan karon ƙanwarta take kallo.

Akwai wani hannu a can baya. Bari a miƙa masa lasifikar.