Kaushi da faso: a rage su a hankali, ban da reza

Assalamu alaikum. Iyaye da 'yan'uwa, na gode da kuka zo. Yau maganar kaushi da faso da kantar ƙafa za mu yi. Mutane da yawa suna ɗaukar ta maganar kwalliya, amma akwai waɗanda daga nan suka rasa yatsa, wasu ma ƙafar ɗungurungum, shi ya sa nake roƙon ku ba ni kunnuwanku.

Kowa ya taɓa dunduniyarsa yanzu. Fatar tafin ƙafa ta fi ta sauran jiki kauri, kuma ba ta fitar da maiƙo irin wanda fuska da kai ke fitarwa, gumi kawai take yi. To duk inda nauyi ke dannawa ko takalmi ke goga, sai jiki ya riƙa jibge matacciyar fata a wurin don ya kare naman da ke ƙasa. Wannan shi ne kaushi, shi ne kanta. Kariya ce. Matsalar tana zuwa ne idan ya yi kauri ya bushe. A ƙarƙashin dunduniya akwai kitse mai laushi, duk takun da ka yi sai ya baje gefe. Fata mai danshi takan miƙe ta bi shi, busasshiya kuwa sai ta tsage kamar ƙasar tafkin da ruwansa ya ƙafe. Faso ke nan. Idan tsagar ta kai ga nama, ga jini, ga zafi, ga ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Yanzu yadda ake yi. A jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10, har fatar ta yi laushi ta ɗan yi fari. Sai a ɗauko dutsen goge kaushi, a jiƙa shi ma, a riƙa zagayawa a hankali. Za ka ga wani farin gari yana fita yana mannewa a jikin dutsen, matacciyar fatar ce. Da zarar ka ga wurin ya fara ja, ko ka ji raɗaɗi, ka wuce iyaka, ka tsaya. Ba a gama kaushi a zama ɗaya. Fata takan ɗauki kamar mako 4 kafin ta sabunta kanta, don haka sau biyu ko uku a mako ya isa. Kuma kowa da dutsensa, a wanke shi a shanya, kada a yi aro.

Bayan gugar sai mai, kuma ni a ganina nan ne rabin aikin yake. A tsane ƙafa da tawul, tun tana da sauran danshi a shafa. Ku duba jikin kwalbar man, ku nemi mai sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, domin shi yana jawo ruwa cikin fata kuma yana sassauta kaurin. Idan babu, Vaseline ma yana riƙe danshi. A shafa da dare, a sa safa ta auduga a kwanta. Tsakanin yatsu kuwa a bar shi a bushe, don laima a nan cin ruwa take kawowa.

Na ji Hajiya can baya tana tambayar reza. Hajiya, don Allah a bari. Na san ta fi sauri, amma mai yankan ba ya ganin inda matacciyar fata ta ƙare, mai rai ta fara. Hannu ya ɗan zame, an samu ciwo a wurin da kullum yake cikin ƙura. Idan kaushin ya gagari dutse, a asibiti akwai masu rage shi da wuƙa mai tsabta.

Masu ciwon sukari, da ku nake musamman. Wannan ciwo yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana kuma rage gudun jini. Mutum zai yanke bai ji ba, ruwan zafi zai ƙona shi bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Sau da yawa gyambo a ƙarƙashin kanta yake farawa, daga waje ba a ganin komai sai ɗan baƙi-baƙi kamar jini ya kwanta. Wanda ya ga haka kada ya kwana bai je asibiti ba. Kada ku taɓa kaushinku da reza ko filastar nan mai asid da ake liƙawa don cinye kanta. Kullum ku duba tafin ƙafarku, ko da madubi, ko ku sa wani na gida ya duba muku.

Sai abin da ke dawo da shi. Ka goge yau, gobe ka koma cikin takalmin da ya matse ka, ko silifas marar baya da dunduniya ke bajewa a kansa, ko yawo ba takalmi a kan siminti, ai kaushi zai dawo. Doguwar tsayuwa da ƙiba da yawan shekaru duk suna ƙara shi. A nemi takalmi mai rufaffen baya, mai laushi a ciki, wanda yatsu ke motsi a cikinsa.

Idan kuma an yi wata guda ana guga ana shafa mai babu sauyi, ko ana ƙaiƙayi fatar tana saɓa, a je likita ya duba. Wani lokaci cutar fata ce mai buƙatar maganinta daban, wani lokaci kuma alama ce ta sukarin da ba a gano ba tukuna. Mai tambaya ya ɗaga hannu.