Baki Daban, Magana Daban: Gyara Kafin Ka Buga Faifai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar bidiyon biki, suna da saukar karatu, daga Gaya zuwa Ringim har Gumel. Ka kwana kana aiki, ka buga faifai, an kai gidan ango, zaure ya cika. Liman ya rufe baki, sai a lokacin ake jin "Fatiha" tana fitowa. Mai biki ba zai sake kiran ka ba, kuma yana da gaskiya, domin ranar ba ta dawowa.

Kada ka ɗora wa faifan laifi. Yawanci matsalar tana cikin fayil tun kafin a buga. Buɗe shi a kwamfuta, ka kalli farko, ka tsallaka tsakiya, ka je ƙarshe. Tazarar nan tsakanin baki da murya, tana nan yadda take, ko ƙaruwa take yi? Amsar nan ita za ta nuna maka maganin.

Idan ba ta canzawa, abin da sauƙi. A VLC, manhajar kallon bidiyo a kwamfuta, danna K sauti ya ja baya, danna J ya matso gaba. Kowace dannawa milisakan 50 ce (milisakan 1000 ne sakan ɗaya). Nemi inda aka yi tafi ko aka buga kalangu, ka yi ta daidaitawa har hannu da ƙara su haɗu. Rubuta lambar da ta fito. Amma VLC ba ta ajiye gyaran a fayil, don haka sai ka shiga Avidemux, manhajar gyaran bidiyo, ka sa lambar a gurbin Shift, ka ajiye, ka sake kunnawa ka tabbatar. Af, wani jinkirin ma tun daga fili ne: sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan, wanda ya tsaya mita 34 daga lasifika ya riga ya makara da milisakan 100. Matso kusa, ko ka ja wayar sauti daga mikisa, na'urar haɗa sauti.

Wadda ke ƙaruwa ita ce mai cin rai. Farko lafiya lau, bayan minti arba'in magana ta bar baki a baya. Galibi bidiyon waya ke jawo wannan. Waya ba ta tsayawa kan adadin hotuna guda a kowane sakan. Duhu ya yi ko ta yi zafi a rana, sai ta rage. Shi kuwa faifan DVD ba ya yarda da haka. Tsarin hoton talabijin na PAL da muke bi a Najeriya hoto 25 ne a sakan, ba ragi ba ƙari. Matsar da sauti ba zai yi maganin wannan ba, ka gyara farko ƙarshe ya lalace. Saka fayil ɗin a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, zaɓi 25, danna Constant Framerate don adadin hotunan ya tsaya wuri ɗaya, ka bari ya gama, sannan ka kai shi manhajar haɗa faifai. A can ma duba, PAL za ka zaɓa, ba tsarin NTSC mai hoto 29.97 a sakan ba.

Idan ka naɗi muryar malam daban, sa ta a 48 kHz a saitin naɗar sauti, shi DVD ke so, 44.1 na faifan CD ne.

Bugun farko yi shi a DVD-RW mai goguwa. Kunna shi a na'urar gida irin wadda mai biki zai kalla da ita, ka tsallaka zuwa minti biyar na ƙarshe, ka zuba wa bakin mai magana ido. Idan ya hau daidai a nan, buga sauran.