Sharhi: Darasin Ɗorewar Kasuwanci Daga Mita da Sikeli Yake Farawa

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau ya shafi wani darasi da ke samun gurbi a makarantun koyon kasuwanci na jami'o'inmu, wato yadda ake tafiyar da kasuwanci mai ɗorewa: a ci riba ba tare da an cinye ruwan shan jama'a, ko lafiyar ma'aikaci, ko amanar mai ajiya ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Ayigya suna cikin masu zama a azuzuwan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da Jami'ar Fasaha ta Kumasi, kuma da yawansu shagunan iyayensu za su koma wa.

Ba a gardama kan buƙatar darasin. Duk wanda ya ga launin kogin Ofin da na Pra a inda galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya ratsa, ko ya tuna yadda dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya durƙusar da ƙananan sana'o'i tsakanin 2012 da 2016, ko yana da ɗan'uwan da kuɗinsa suka maƙale lokacin da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a watan Mayun 2019, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gardamar tana kan yadda ake koyarwa. Hanya mafi sauƙi ga malami ita ce ya sa ɗalibi ya haddace ma'anar ci gaba mai ɗorewa da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayar a 1987, ya haddace muradu 17 da aka amince da su a 2015, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya ci maki. Ka miƙa wa ɗalibin nan rasitin kamfanin wutar lantarki na ECG na wata uku, ka ce ya nuna maka inda kuɗi ke zurarewa, sai ka ga ido ya raina fata.

Darasin nan na awo ne da lissafi. Don haka tun makon farko ya kamata a raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, kowane rukuni ya nemi sana'a guda ta gaskiya da zai riƙe har ƙarshen zangon karatu: mai sayar da kifi da kajin sanyi a Asafo, garejin makaniki a Magazin ta Suame, kafinta a Sokoban, ko Hajiya mai shinkafa da wake a bakin titi. Kayan aikin ba su da yawa: sikelin ratayawa, ƙaramin mitan da ake maƙala wa soket don auna wutar na'ura ɗaya, safar hannu, da littafi. Abu huɗu za su auna: wuta da mai, ruwa, bola, da kuma kuɗin da ke shiga da fita.

Mu ɗauki mai kifin sanyi. A ce ɗalibai sun auna tsohuwar firizarsa kwana 14, ana karanta mita a lokaci ɗaya kowace safiya, suka tarar tana shan yunit 5 a rana, alhali sabuwa mai taurarin Hukumar Makamashi na alamar tsimin wuta a jikinta za ta sha yunit 2. Bambanci yunit 3 ke nan a rana, 90 a wata. Mu ƙaddara yunit ɗaya sidi 2 ne, an tsira da sidi 180 a wata, 2,160 a shekara. Idan sabuwar firiza sidi 5,400 ce, sai ta yi wata 30 kafin ta biya kanta. A nan ɗalibai da yawa ke tsayawa su rubuta cewa a sayi sabuwa, to amma lissafi bai ƙare ba. Idan rance zai ci da ruwan kashi 30 cikin ɗari, kuɗin ruwan shekarar farko kaɗai sidi 1,620 ne, abin da ya rage masa 540. Kuma a zango, 'yan kasuwa da dama ba za su taɓa rancen ruwa ba ko da kuwa ya yi arha. Da adashi ko susu suke sayen kaya. Ɗalibin da bai tambayi wannan ba ya yi shawarar da ba za a bi ba.

Malamin da ya san aikinsa zai mayar da su shagon su duba robar bakin ƙofar firizar. Gwajin mai sauƙi ne: a sa takarda a baki, a rufe, a ja; in ta zare ba gardama, robar ta mutu kuma sanyi na tsiyaya. A duba ko ƙanƙara ta yi kauri a bangon ciki, ko bayan firizar ya manne da gini iska ba ta ratsawa, ko ƙura ta toshe ragar da ke fitar da zafi, ko rana na dukanta da hantsi. A ce sauya roba da share ragar sun ci sidi 150, suka rage yunit ɗaya a rana: sidi 60 a wata, cikin wata biyu da rabi kuɗi sun dawo. Irin wannan shawarar ce mai shago zai karɓa tun kafin ɗalibi ya rufe baki, kuma a kanta ake gina amincewar da za a yi maganar babban kashe kuɗi daga baya.

Janareta ma haka. Ƙaramin injin dizal yana shan kusan sulusin lita kafin ya ba da yunit ɗaya, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. Idan lita sidi 15 ce, yunit ya tashi sidi 5, ninki biyu da rabi na misalinmu na ɗazu. In kuma an sayi injin da ya fi ƙarfin aikin, kamar yadda ake yawan yi don burga ko tsoron gaba, sai ya riƙa shan mai a banza, baƙin hayaƙi na taruwa a cikinsa. Kowace litar dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, don haka mai ƙona lita 10 a rana yana sakin kilo 27. Daga wannan ɗan lissafin ɗalibi zai gane rabe-raben hayaƙi uku da manyan kamfanoni ke amfani da su wajen lissafi: hayaƙin man da ka ƙona da kanka, na wutar da ka saya, da na masu kawo maka kaya da masu amfani da kayanka.

Bola kuwa sai an sa hannu. Kwana bakwai a jere, a ware sauran abinci, roba da leda, takarda da kwali, ƙarfe da kwalba, a auna kowane a sikeli kafin mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kwashe. Abin da ake nema ba nauyin bolar kaɗai ba ne, a'a, kuɗin da aka zubar: shinkafar da ta kwana ta lalace an saye ta, an ƙona mata itace ko gas, an biya mai dafa ta. Sau da yawa maganin ba ya wuce rage tukunyar yamma a ranakun da ciniki ke sanyi. A gareji kuma, ƙaramar mota tana sauke kusan lita 4 na baƙin mai a duk canji. Mota biyar a rana, lita 20. Cikin kwana goma na aiki an cika duro mai lita 200. Tambayar ɗalibi ita ce: ina duron? In babu, to man yana bin kwata zuwa rafi. Haka ruwan batir da 'yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ke zubarwa a ƙasa don su ɗauki dalmar. Doka mai lamba 917 ta 2016 ta yi tanadi kan shara mai guba da tarkacen kayan lantarki kafin dokar kare muhalli ta 2025 ta maye gurbinta, kuma ɗalibi ya kamata ya karanta sassan dokar da idonsa, ba taƙaitawar malami ba.

Akwai ɓangaren da ake yawan tsallakewa saboda ba ya kyau a hoto, wato haƙƙin ma'aikaci. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ƙayyade awa 8 a rana ko 40 a mako, hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15, da hutun haihuwa na aƙalla mako 12. A fansho, maigida yana zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci 5.5, a albashin sidi 1,000, maigida ya fitar da 130, a cire 55 daga na yaro. Dokar Yara ta 1998 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki da shiga koyon sana'a, 18 ga aiki mai haɗari. A sa ɗalibai su sake lissafin ribar shagon bayan an saka duk waɗannan. Wani lokaci ribar da ake taƙama da ita sai ta ɓace, a gane cewa guminta na yaran masta ne. Ɗalibin da ya ga wannan da alƙalaminsa ya fahimci darasin fiye da wanda ya zana da'ira uku na tattalin arziki, muhalli da zamantakewa a allo.

Sai maganar da ta fi shafar zango. Kakanninmu fataken goro sun san riƙon kaya: a tsince mai sankara kafin ya harbi sauran, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, huhu ya yi watanni a hanya. Sun kuma san riƙon amana tsakanin maigida da baƙonsa. Abin da ya fi kashe shagunanmu shi ne rashin rubutu. Aljihun Alhaji shi ne asusun shago, kuɗin cefane da na biki da na sari duk a lambar momo ɗaya, wato asusun kuɗi na waya. Ranar da ya kwanta dama, ba wanda ya san wa ke bin bashi, wa ake bi, sai a raba kaya a rufe ƙofa. Raba gado wajibi ne, amma ana iya raba hannun jari ba tare da an raba shago ba, in an yi wa sana'ar rajista ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, an rubuta kason kowa, an naɗa mai gudanarwa da albashinsa. Mako biyu cur ya cancanci a ba wannan a manhaja, a kuma gayyato malamin fiƙihu da lauya su zauna a aji ɗaya.

Masu nufin aikin banki da manyan kamfanoni kuwa, ƙa'idoji sun riga su zuwa. Babban Banki ya ƙaddamar da ƙa'idoji bakwai na harkar banki mai ɗorewa a 2019. Kasuwar hannun jari ta Ghana ta fitar da jagorar bayyana bayanan muhalli da zamantakewa da shugabanci a 2022. A watan Yunin 2023 aka fitar da ma'aunan duniya na bayyana bayanan ɗorewa da sauyin yanayi, wato IFRS S1 da S2, kuma cibiyar akantoci ta ƙasa ta tsara karɓarsu mataki-mataki. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare daji ta ce koko da katakon da aka samo daga filin da aka sare bayan 31 ga Disamban 2020 ba za su shiga kasuwarta ba, kuma sai an nuna wurin gona a taswira. In ta wuce hekta 4, a zana iyakokinta gaba ɗaya. Wani ne zai yi wannan aikin, kuma wanda ya iya auna firiza shi zai iya.

To, ina ake samun tangarɗa? Da farko, tsoro. Ɗan kasuwa ya ga matasa da littafi da biro suna tambayar ciniki, sai ya ɗauka 'yan haraji ne. Maganinsa a bi ta hannun shugabannin kasuwa ko ƙungiyar masu sana'a, a kawo wasiƙar jami'a, a yi alkawarin ba za a rubuta sunan shago a rahoto ba, a kuma cika. Sannan mita. Shaguna huɗu ko biyar kan rataya a mita ɗaya ta biya-kafin-sha, don haka rasiti ba ya nuna cin kowa. Dole a auna na'ura-na'ura. Akwai kuma lokacin awo. Wanda ya auna cinikin mai koko da ƙosai a watan azumi, ko cin wutar firiza a sanyin hunturu, ya ninka da goma sha biyu ya ce shekara ke nan, ya yi kuskure tun daga tushe. A rubuta watan da aka auna, a tambayi mai sana'a yadda sauran watanni suke. Babbar tangarɗar kuwa ita ce awon zaune: ɗalibi ya zauna a ɗakin kwana ya cika jadawali da lambobi masu kyau, ko ya kwaso rahoto daga intanet. Lambar gaskiya ba ta da santsi; ran Juma'a ta bambanta da ran Litinin. Malami ya nemi hoton mita mai ɗauke da kwanan wata, ya kuma kai ziyarar ba-zata ko sau ɗaya ga kowane rukuni.

Yawan ɗalibai ma uzuri ne da za a ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma aji mai mutum 200 rukuni 40 ne. Mataimakan malami huɗu daga masu bautar ƙasa, kowa ya riƙe goma, aiki ya yiwu.

Rabon maki shi ke nuna abin da makaranta ta ɗauka da gaske. Muna ba da shawarar kashi 40 ga ingancin awo, 30 ga lissafi, 10 ga rubutaccen rahoto, sauran 20 kuma ga bayanin da rukuni zai yi a gaban mai sana'ar, a shagonsa, da Hausa ko Tuwi, cikin minti goma, ba allo ba majigi. Kowane ɗan rukuni sai ya amsa tambaya ɗaya, don kada mutum guda ya yi aiki, sauran huɗu su ci gajiyarsa. Bayan mako shida kuma a koma a sake karanta mitar, a ga ko robar da aka sauya ta rage yunit ɗin da aka ce za ta rage.

A nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. Wassalamu alaikum.