Jawabin Maraba Daga Masu Zubin Ƙarfe na Panteka, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Ƙarafa, ranka ya daɗe, da 'yan tawagarka, da iyayenmu dattawan wannan kasuwa, barkanku da zuwa. A madadin maƙera da masu zubi nake yi maka maraba, kuma a yi haƙuri da hayaƙi da ƙarar guduma, yau ma ranar aiki ce.

Ranka ya daɗe, nan ake narka tsohon injin mota a fitar da tukunyar biki, da faifan injin niƙa, da ƙananan kayan gyara da manomi zai jira wata uku kafin su iso daga ƙasar Sin. Sana'ar gado ce. Kakanninmu da zuga-zugi suka narka tama, mu da gawayi da baƙin mai da yashi muke yi.

Mun ji daɗi da aka ware wa ƙarafa ma'aikatarsu a 2023, mun kuma ji ana shirya tsari na shekaru masu zuwa. Sai dai mu tsofaffi mun ga tsari iri-iri. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1979 tare da Tarayyar Sobiyet, tamar Itakpe na kusa da ita, har yau babbar tanderunta ba ta hura wuta ba. Cibiyar binciken ƙarafa ta Jos tun 1973 take, cike da masana. Ilimi dai ba a rasa ba, jagoran da zai haɗa mai biro da mai guduma a tabarma ɗaya shi muke nema.

Don haka roƙonmu na farko shi ne a sa mai zubi cikin masu rubuta tsarin. Injiniya ya san zafin da ƙarfe ke narkewa a takarda, amma Malam da ya shekara talatin a bakin wuta, da ya damƙi yashi ya san ko ruwansa ya yi yawa, ya san zubin zai yi ƙuraje. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma a wannan aiki sai an haɗu. Mun ga amfanin hakan tun da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fara hulɗa da yaranmu don su sami takardar shaidar ƙwarewa.

Sauran damuwar ka san ta: wutar lantarki da za ta riƙe tanderu, da tsohon ƙarfe da tireloli ke kwashewa zuwa kudu muna kallo, farashi kullum yana hawa.

Ranka ya daɗe, an hura wuta tun da safe, yanzu za a yi zubi a gabanka. Sai dai a ɗan tattare babbar riga saboda tartsatsi. Allah ya ja zamaninka, ya maishe ka gida lafiya.