Amsoshin Tambayoyinku: Iyayen da ba su yi boko ba da karatun 'ya'yansu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a garin Wudil, wadda ta sa ƙanenta ya rubuta mata. Ta ce ba ta taɓa shiga ajin boko ba, ga ɗanta yana aji uku na firamare, kuma duk ranar da ya dawo da aikin gida sai kunya ta kama ta. Tana tambaya ko akwai abin da uwa irinta za ta iya yi masa.

Malama, akwai, kuma mafi yawansa kin riga kin saba da shi. Idan yaron ya dawo daga Islamiyya, ai kikan zaunar da shi ki saurari haddarsa, ki ce ya sake inda ya yi gargada. Haka za ki yi da karatun boko. Bayan sallar magariba, ki kunna fitila, ki ba shi littafinsa na Hausa ya karanta miki da babbar murya na minti 15 ko 20. A nan ke ce alƙaliya, domin kin fi shi sanin Hausa, kuma da zarar ya furta abin da ba ya ba da ma'ana kunnenki zai kama. Idan ya gama, ki ce ya rufe littafin ya ba ki labarin da bakinsa, saboda yara da yawa suna iya furta kalmomi ba tare da sun gane abin da suka karanta ba.

Littafin rubutunsa ma yana yi miki magana ko da ba ki iya karanta harafi ɗaya ba. Ki buɗe ki duba: shin shafukan da aka rubuta sun ƙaru daga makon jiya? Akwai jan biron malami a kansu? Idan mako biyu suka wuce babu sabon rubutu, to ko dai yaron ba ya isa aji, ko kuwa malamin ba ya shiga, kuma kowanne daga ciki ya isa ki sa hijabinki ki je ki ga hedimasta. Lissafi kuwa yana gaban kaskonki, ki bar shi ya ƙirga cinikin ranar ya faɗa miki canjin da za a bai wa mai saye. Abin da nake roƙonki kawai, kada tallar safe ta riƙa cinye masa darasin farko. Idan kuma ke ma kina da sha'awa, Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 1980, tana da azuzuwan mata.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci ce mai facin taya a Gusau, wanda ya ce 'ya'yansa huɗu suna makarantar gwamnati, amma ba ya da halin biya musu kuɗin lesin kamar maƙwabtansa.

Malam, kada rashin lesin ya karya maka gwiwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatu kyauta kuma dole na shekara 9, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, don haka idan aka kori yaronka saboda wani kuɗi da aka ɗora, kana da haƙƙin kai ƙorafi ga kwamitin kula da makaranta na SBMC ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ɗan abin da ka samu, a ganina, ya fi kyau ya tafi ga littafin rubutu da fensir da kokon safe, domin yaron da yunwa ke damunsa ba ya riƙe darasi. Sannan ka ɗora wa babban cikinsu nauyin yi wa ƙannensa bita kowane dare, kai kuma ka zauna kusa da su a kan tabarma kana saurare, ko da ka dawo a gajiye.