Ranar da Aka Kifar da Rariya: Labarin Tekun Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan farin dutsen da kyau. Irinsa ne ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti. Ku matso kusa, kun ga wannan shatin mai kama da bayan dodon koɗi? Ba zane ba ne, ƙwanson wata halitta ce ta ruwan gishiri. To me ya kawo dabbar teku Sakkwato, inda sai ka wuni kana tafiya a mota kafin ka ga teku?

Amsar ita ce tekun ne ya zo da kansa. Shekaru miliyoyi da suka wuce, wani teku marar zurfi, mai ɗumi, ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya bi ta Mali da Nijar, ya kwanta a kan ƙasar da muke noman gero da albasa. Da ya janye sai ya bar laka da ƙasusuwa, hawa bisa hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da abin da ake koyarwa a ajin farko na ilimin halittu, wato sauyawar halittu. Kada kalmar ta firgita ku. Duk mai kiwo ya san rabin zancen. Jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, ba da ka ta fito haka ba. Makiyaya ne suka daɗe suna ware bunsurun da suke so, su bar shi ya yi barbara, sauran a kai kasuwa. Bayan zuriya da yawa sai garke ya ɗauki kama ɗaya. A 1859 wani Baturen Ingila, Charles Darwin, ya bayyana cewa ko babu makiyayi ana yin irin wannan zaɓe. Yunwa, fari, cuta da mafarauta su ne masu tankaɗe da rairaya. Shi ake kira zaɓin yanayi. Wani ɗan ƙasarsu, Alfred Wallace, shi ma ya cimma wannan fahimtar a gefe guda, sai dai sunansa bai yi tashe ba.

Yadda abin yake tafiya kuwa: 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya, kuma wani bambancin ana gadonsa. Sannan ana haifar fiye da abin da wuri zai iya ciyarwa. Wanda halinsa ya dace da wurin sai ya fi saura barin zuriya, halin nasa ya yawaita.

Ga misalin da kusan kowane gida ya gani. Iyayenmu sun san lokacin da kulorokwin yake yanke zazzaɓin cizon sauro, in ban da ƙaiƙayin da yake sa wasu su kwana suna susa. Sannu a hankali sai ya daina ci, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Mutane kan ce ai cutar ce ta saba da maganin. A'a. Ba wata ƙwayar cuta da ta zauna ta koyi dabara. A cikin ɗimbin ƙwayoyin, an samu 'yan ƙalilan masu wani sauyi a ƙwayoyin gadonsu, wanda ya sa maganin ba ya kashe su. Maganin ya share sauran, ya bar musu fili, suka hayayyafa. Ɗalibai, a nan ake yawan zubar da maki a jarrabawa: halitta guda ba ta sauya kanta don ta ga buƙata, garken ne yake sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Kuma ba mai ƙarfi ne yake tsira ba, wanda ya dace da halin da ake ciki ne.

To, mu koma duwatsunmu. A hawan ƙasa, wanda masana suka sa wa sunan Dukamaje, an tono ƙasusuwan wani ƙaton mafarauci na cikin teku, dangin guza da damo, amma ƙafafunsa sun zama kamar filafilin tuƙa kwale-kwale. Sunansa a littattafan kimiyya Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. I, Goronyon da kuka sani mai madatsar ruwa. Irin waɗannan dabbobi su ne sarakunan teku a zamaninsu. Tankaɗe da rairaya na miliyoyin shekaru ya gyara su tsaf, haƙora, jela, komai ya ji. Amma hau hawan da ke can sama, na Dange da Kalambaina, ka yi ta tono, ba za ka sami ko ɗaya ba. Kuma ba a Sakkwato kaɗai ba, ko'ina a duniya daidai wannan gaɓar suka yanke.

Me ya faru? Shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse daga sararin samaniya mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Ramin da ya bari ya kai kusan kilomita 180. Ƙura da hayaƙi suka tashi suka rufe rana. Mun san yadda ƙurar hunturu take mayar da rana kamar farin faranti na 'yan kwanaki. Ku ƙaddara wadda ta fi ta duhu nesa ba kusa ba, a duniya baki ɗaya, ba ta washe ba sai bayan shekaru. Tsirrai suka kasa yin abinci, ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa suka mutu, kifin da ke cin su ya bi, mai cin kifi ya bi. Wanda ke can ƙololuwa, mai babban ciki, shi yunwa ta fara kayarwa. A daidai zamanin kuma duwatsu masu aman wuta a Indiya suna ta tumbuɗi, masana na ta muhawara kan irin hannun da suke da shi a ciki. Kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in halittu suka ƙare. A 1980 ne wasu masana kimiyya 'yan Amurka, Luis Alvarez da ɗansa Walter, suka kawo hujjar faɗuwar dutsen, bayan sun gano wani siririn layin yumɓu mai yawan sinadarin iridiyam, wanda yake da wuya a ɓawon ƙasa amma yana da yawa a duwatsun sama.

Irin wannan babbar ƙarewa sau biyar aka ƙirga. Mafi muni ita ce ta shekara miliyan 252, wadda ta kusa share teku kaf.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ƙadangaren Goronyo bai gaza da komai ba. Zaɓin yanayi rariya ce mai aiki a hankali, tana gyara halitta don yau, ba ta san gobe ba. Ranar da dutsen ya faɗo kifar da rariyar aka yi gaba ɗaya. Girman jiki da ya zama riba jiya, ya koma bashi. Waɗanda suka tsallake galibi ƙanana ne, masu shiga rami, masu cin duk abin da suka samu, masu jure yunwa. Dainaso, wato dabbobin nan masu kama da manyan ƙadangaru da suka mamaye tudu a zamanin, suka tafi, sai reshe ɗaya da ya rage, tsuntsaye, har da zabuwar da ke tsakar gidanku. Dabbobi masu shayarwa, da a da yawancinsu ba su wuce gafiya ba, suka sami fili suka bazu.

A tekun Sakkwato ma an sami magada. A hawan da ke sama, wajen Wurno da Dange, ana samun ƙasusuwan kifi, da kunkuru, da wasu kadojin teku masu dogon siririn baki. Danginsu sun zauna ruwa ɗaya da ƙadangaren Goronyo, suka ga tafiyarsa, suka ci gaba da kamun kifi a wurin da ya bari. Su ma daga baya sun ƙare, tekun ya janye, ƙwansunan da suka taru a ƙasansa suka daskare suka zama wannan farin dutsen da muka fara da shi, wanda ake ƙonawa a niƙa a zuba a buhu, a kai wa magina.