Lacca a Tawa: yadda za a sabunta rumbun bayanan ruwa ba tare da an gurɓata shi ba

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe magadan gari, da ƴan'uwana ma'aikatan ruwa da kuka taso daga Ƙonni, Madawa, Buza, Keita da Abalak, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan sabunta rumbun bayanan ruwa, wato kundin kwamfuta da ake rubuta rijiyoyi da awon ruwansu a ciki, kuma zan tsaya ga abin da na gani da idona a bakin aiki.

Kun san cewa a ƙasar nan ta Nijar ana lissafa mashayar zamani ɗaya ga mutum 250. Saboda haka idan rumbun ya nuna cewa gari mai mutum 1000 yana da rijiyoyin siminti huɗu, to a kan takarda an gama da shi, kuma kuɗin gina sabuwar rijiya sai su wuce wani wuri. Na taɓa zuwa wani ƙauye a arewacin jihar nan da jerin da ke cewa suna da rijiyoyi biyu. Maigari ya kama hannuna har bakin rijiya ɗaya tilo, inda na tarar da mata sun jera jarkoki tun asuba, ga jakuna na jan wasaki, ya ce mini, “Malam, ɗayar sai ka nuna mana inda take.” Da na koma ofis na bincika, sai na gano cewa an shigar da rijiyar sau biyu, domin ma'aikata biyu sun rubuta sunan garin da haruffa daban. Shekarun da mutanen suka yi suna jira har yau suna damuna.

Maganin wannan shi ne kowace rijiya da kowane foraj, wato rijiyar burtsatse, su sami lamba guda da ba ta canjawa, a rubuta ta a jikin siminti, a kuma ɗaura ta ga lambar garin da ke cikin RENALOC, wato kundin garuruwan da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar bayan ƙidayar 2012. Suna kaɗai ba ya isa, domin Sabon Gari da Zango sun yi yawa. A kula kuma da yadda ake kwafe wurin daga GPS. Digiri 14 da minti 30 daidai yake da digiri 14,50 (sha huɗu da rabi, tunda minti 60 ne digiri ɗaya), amma wanda ya buga 14,30 ya ɗauke rijiyar ya kai ta kusan kilomita 22 kudu da inda take.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Idan kun auno sabon zurfin ruwa, don Allah kada ku goge tsohon adadi ku ɗora sabo a gurbinsa. Ku buɗe sabon layi, ku sa ranar awo, da sunan wanda ya auna, da abin da ya auna da shi, sannan ku faɗi ko an riga an fara jan ruwa. Awon da aka yi a watan Oktoba bayan damina da wanda aka yi a Mayu cikin bazara dukansu gaskiya ne, amma wanda bai ga kwanan wata ba zai ɗauka ɗayansu kuskure ne. Haka nan idan an ƙara wa bakin rijiya tsawon rabin mita, aka ci gaba da awo daga sabon baki ba tare da an rubuta ba, rumbun zai ce ruwa ya ja da rabin mita alhali bai motsa ba.

Amfanin tsofaffin alƙaluma ya bayyana a yankin Yamai, inda masu bincike suka gano cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗago da kimanin mita huɗu tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980, saboda sare daji ya sa ruwan sama yana gangarowa cikin tafkuna yana nitsewa. Da magabatanmu sun riƙa shafe awon bara su rubuta na bana, da babu wanda zai san haka. Kogin Isa ma ana auna shi a Yamai tun 1929, shi ya sa da ya kai santimita 700 a Satumbar 2020 aka iya cewa ba a taɓa rubuta irinsa ba.

Akwai kuma gurbin da ba a cika ba. Idan ba ku auna ba, ku bar shi fanko, ku faɗi dalili. Kada ku sa sifili, domin sifili na nufin an je an auna an sami hakan, kuma kwamfuta za ta ɗauke shi haka, ta haɗa shi cikin lissafi. Wanda ya auno ma bai kamata ya zama shi ne mai tabbatarwa ba. A sami mutum na biyu ya gwada sabon adadi da na baya, idan ya ga ruwan da ke mita 42 ya koma mita 24 cikin wata uku, ya buga waya ya tambaya kafin ya amince, domin sau da yawa lambobi ne suka juye a hannun mai bugawa.

Ku kuma magadan gari, roƙona gare ku shi ne duk ƙungiyar da ta zo haƙa foraj a yankinku, ku karɓi takardar aikin, mai zurfi da yawan ruwa da sakamakon gwajin ingancinsa, ku aika wa ofishin ruwa kafin a yi bikin buɗewa. Idan akwai tambaya, bismillah.